Gidajen Sukari a Raudar Safa

Safa, Jidda
Farkon Jimada Akhir

Zuwa ga Yaya Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kyau. Yaya ƙafafunta? Sanda na taho kumburin ya kai gwiwa, ina fata ya sauka. Ki gaida Baffa, ki ce masa 'yar ƙaninsa tana tuna shi. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake sa ni, don Goggo Latifatu ba ta kashe shi.

Na ba Baba Mahmudu wannan takarda, mai kai kaya Sawakin ta jirgin ruwa. Ya ce daga can akwai direban da yake ba saƙon Gadarif. Ba ni da waya har yanzu, ta Goggo kuma ina jin nauyin tambaya. In za ki karanta wa Inna ki matsa kusa da ita, kin san kunnenta.

Maganar makarantar da Goggo ta yi wa Inna alkawari ba a yi ba tukuna. Duk sanda na tuna mata sai ta ce a bari iƙama, takardar izinin zama, ta fito, har na daina. Ina shara da wanke-wanke, ina kai Lujain autar Goggo rauda, wato makarantar ƙananan yara, da safe, in ɗauko ta da azahar. A jikin raudar akwai makarantar 'yan mata. Nakan ɗan tsaya a bakin katanga in ji suna karatu.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Yanzu a nan suna cewa shita ta shigo, wai lokacin sanyi, ko da yake ni gumi nake yi in na fita. Malamar su Lujain, Abla Maha (Abla suke kiran malama a nan), ta nuna wa yara hoton wasu mutane da suke zaune can ƙasar da ba komai sai ƙanƙara. Suna yanka ƙanƙarar kamar tubali su gina ɗaki da ita, zagayayye kamar an kifa ƙwarya, da 'yar ƙofa da sai an yi rarrafe ake shiga. Sunansa iglu. Ta ce kowane yaro ya yi ƙarami a gida ya kawo, da sukari na ƙwaya-ƙwaya mai kusurwa huɗu, a manna shi da gam.

Goggo ta ce ba ta da lokacin shirme, ta turo mini kwalin sukarin da gam ɗin. Na zana da'ira a kan kwali da bakin kwano, na jera layin farko. Kowane layi na sama ina matso da shi ciki kaɗan, ƙwaya ɗaya ta hau kan biyu, yadda marigayi Baba yake jera tubali. Rufin ne ya ba ni wuya, ya faɗi sau da yawa kafin ya zauna. Na yaga auduga na baza a gefe. Yaya, ya yi kyau. Ban taɓa yin abu na tsaya ina kallonsa haka ba.

Da muka kai, Abla Maha ta ɗaga shi tana juyawa. Ta tambayi Lujain wa ya yi, Lujain ta nuna ni da baki. Ashe kakar Abla Maha Bahaushiya ce da ta zo hajji ta zauna, don haka tana jin Hausa, sai dai mayarwa take yi da Larabci. Ta ce za su yi bikin shita a ƙarshen wata, iyaye za su zo, tana son kowane yaro ya gina nasa a cikin aji. In zo in taya ta. Ta tambaye ni aji nawa na tsaya, na ce na gama firamare yaƙi ya rufe makarantu. Ta ce shugabar makarantar 'yan matan nan ƙawarta ce, in biki ya yi kyau za ta kai ni wurinta da kanta, ta san yadda ake yi da masu jiran takardu.

Na sunkuyar da kai kawai. Amma ina so, Yaya. Ina so ƙwarai. Ki yi mini addu'a, kuma kada ki karanta wa Inna wannan wurin sai abin ya tabbata. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwarki,
Juwairiyya


Gadarif
Tsakiyar Jimada Akhir

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda kika bar mu. Ƙafafun Inna ba su sauka ba, yanzu ni nake ɗaga ta in kai ta bayan gida in dawo da ita. Bayana ya ƙage. Tunda kin tambaya, ga amsa.

Takardarki ta zo mata suna zaune a tsakar gida, na karanta ta gaban kowa, daga sama har ƙasa. Ban tsallake komai ba, ni ba na ɓoye wa uwa maganar 'yarta. Da na zo wurin sukari Inna ta ce in maimaita, ta ɗauka kunnenta ne. Na maimaita. Ta ce, "Gam kuma? A kan sukari?" Matar Baffa ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ashe gini aka kai ki Jidda koyo.

Kin san da me uwarki take shan shayi? Da ruwa da ganye. Sukari ya fi ƙarfin gidan nan tun kafin ki tafi, kin sani sarai, ke kike lasar cokali in an samu. Wata nawa kika yi da har kika manta? Kin zauna a cikin sanyi kina shafa wa abinci gam, kin tsaya kina kallonsa, har kin ɗauki biro kin rubuto mana cewa ya yi kyau. In an gama bikin ina ake kai su? Shara ko? Da ni ce a wurin, da ƙwaya ɗaya ba ta shiga shara ba.

Ni na gama sakandare, ni na iya Larabcin da ake rubutawa, amma da Goggo ta zo zaɓe ke ta ɗauka, wai kin fi ni sanyin hali. To ga sanyin halin nan muna gani.

Maganar makaranta kuwa, kada ki ba kanki wahala. Ki dubi tsayinki. A wane aji za su sa ki, kusa da Lujain? Matan nan na rauda haka suke yi wa kowace 'yar aiki magana mai daɗi in suna son a yi musu aiki kyauta. Rubutunki ma sai da na yi ta lalube kafin na gane wasu wuraren.

Inna ta ce a gaishe ki. Ba ta ƙara komai ba.

Zakiya


Safa, Jidda
Ƙarshen Jimada Akhir

Zuwa ga Yaya Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Ki gaida Inna, ki ce mata ban manta ba. Wallahi ban manta ba. Na karanta takardarki a banɗaki don kada Goggo ta ga fuskata.

Ba ni da abin da zan aiko. Goggo tana rufe kabad ɗin kicin, kuma in na roƙe ta za ta ce an turo ni bara. Amma na yi ta tunanin abin da kika ce, cewa da ke ce ƙwaya ɗaya ba za ta shiga shara ba. Kin yi gaskiya. Na tambayi Abla Maha me ake yi da gidajen bayan biki, ta ce zubarwa. Na ce ko zan iya ɗauka. Ta yi dariya ta ce in kwashe duka in ina so, ta ɗauka ado zan yi da su.

Matsalar gam ne, in ya taɓa sukari ba ya shayuwa. Sai na gwada wani abu a gida. Na daka ƙwaya kaɗan ta yi gari, na ɗiga ruwa na kwaɓa da kauri, na manna biyu na ajiye. Da safe sun kama gam-gam, sai da na sa ƙarfi na raba su. Kuma fari ne, kamar gam ɗin nasu. To shi nake kwaɓawa kafin yara su shigo, in zuba a 'yan kofunan da ake raba musu. Kwalaben gam ɗin na tura su can bayan kabad. Ban gaya wa Abla Maha ba. Na so in gaya mata, bakina ya ƙi buɗewa.

Yaran suna da yawa, kowa da kwalinsa. Wasu tsaye suke jera ƙwayoyin kamar katanga, sai in riƙe hannunsu in matso da shi ciki. Wani mai suna Saif ya lashi yatsa ya ce, "Abla, gam ɗin nan da daɗi." Abla Maha ba ta ko juyo ba ta ce, "Cire hannunka daga baki, ya Saif, hanjinka zai manne mu rasa yadda za mu gaya wa babanka." Shi kuma ya ci gaba da lasa a ɓoye.

Wata 'yar ƙarama Nuha ta ja mini abaya ta ce, "Abla Juwairiyya, a garinku akwai ƙanƙara?" Na ce akwai, a shagon mai firji. Suka yi ta dariya, ni ma na yi. Sai Lujain ta ɗago ta ce, "Ba Abla ba ce, shaggalarmu ce, 'yar aiki, ita take wanke mana banɗaki." Abla Maha ta ce, "Aib, ya Lujain, 'yar kawunki ce." Lujain ta ce, "Mama ce ta faɗa." Na ci gaba da riƙe wa Nuha rufinta har ya kama.

Yau Alhamis mun gama. An jera su a kan tebura, an baza auduga, an rataye taurarin takarda. Ranar Lahadi ne biki. Abla Maha ta ce in sa abaya mai tsabta, shugabar makarantar za ta leƙo.

In an tashi zan rarrabe su ƙwaya-ƙwaya, in goge, in zuba a leda. Zai yi yawa, Yaya, zai kai Inna har azumi. Ki gaya mata yana hanya.

Ƙanwarki,
Juwairiyya


Safa, Jidda
Farkon Rajab

Zuwa ga Yaya Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ina fata Inna ta samu sauƙi. Ban ga amsarki ba, ko Baba Mahmudu bai haɗu da direban ba ne. Ba zan iya jira ba.

Abin ya lalace.

Ranar Juma'a an yi ruwa a Jidda, iska ta yi nauyi, ko tufafi ba sa bushewa. Ban san ana kashe mukayyif a rauda in an tafi hutun mako ba. A gidan Goggo da na gwada, ɗakin a bushe yake kullum. Da mai gadi ya buɗe ajin ranar Lahadi, rufin gidajen duk ya lotsa ciki. Wasu sun zube gaba ɗaya, ruwan sukari ya malala a kan tebura yana ɗiga ƙasa, audugar ta jiƙe ta yi ruwan ƙasa. Kiyashi sun yi layi daga taga har kan tebura, baƙi ƙirin, sun shiga littattafai da kwandon kayan wasa. Akwai kyankyasai ma.

Iyaye sun riga sun fara shigowa da wayoyi a hannu. Nuha ta ruga ta ɗauki nata, kiyashi suka hau hannunta, ta yar tana ihu. Uwarta ta ce wace irin ƙazamar rauda ce wannan. Shugabar makarantar ta zo bakin ƙofa, ta ɗaga abayarta daga ƙasa, ta juya.

Abla Maha ta ce gam ba ya yin haka. Ta buɗe kabad ta ga kwalaben a rufe yadda aka sayo su. Ta dangwali abin da ya rage a kofi ta sa a harshe. Ta dube ni ta ce, "Lesh, ya Juwairiyya? Don me?" Mutane sun yi yawa, kowa yana kallona. Lujain ta ce, "Sha take yi, na gan ta tana lasa." Goggo ta mare ni a gaban kowa. Ta ce musu su yi haƙuri, daga yunwa aka ɗauko ni, ido ne bai ƙoshi ba. Ta faɗa da Larabci don kowa ya ji, ta sake faɗa da Hausa don ni.

Aka mayar da yara gida. Abla Maha ta miƙo mini bokiti da tsumma, ta ce in na gama in tafi, halas, shi ke nan, kada in ƙara wuce ƙofar waje. Kafin in sa ruwa na kankare abin da ya kankaru da murfin kwali na zuba a leda. Na shanya shi a saman bene, na tsince kiyashin iya yadda zan iya. Shi ne a ƙullin da ke tare da takardar nan. Ya dunƙule, launinsa ya sauya, amma babu gam ko ɗigo. A tafasa a tace da ƙyalle mai tsabta.

Yaya, ina roƙonki abu ɗaya. Na gaya wa Goggo don Inna na yi, ta ce ƙarya nake, wai mutanen gida ba su taɓa kawo mata kukan sukari ba. Takardarki kuma na yaga ta tun ranar don kada ta gani. Goggo ta ce za ta kira shagon da kuke samun waya ranar Juma'a. In ta tambaye ki, ki gaya mata abin da kika rubuto mini, yadda Inna take shan shayi. Ba sai kin ƙara komai ba. In Goggo ta yarda, za ta iya gaya wa Abla Maha cewa ba kwaɗayi ba ne. Abla Maha tana da kirki, fushi ne kawai ta yi. Wataƙila ta sake yi wa shugabar magana, ko da baɗi ne.

Ke kaɗai kika san gaskiyar. Don Allah, Yaya.

Ƙanwarki,
Juwairiyya


Gadarif
Ƙarshen Rajab

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardunki biyu sun zo, ta farkon ban ga abin amsawa a ciki ba.

Goggo ta kira, mun daɗe muna magana. Ta tambaye ni ko mu muka sa ki. Na ce a'a, don ba mu muka sa ki ba. Na rubuta miki ki ɓoye gam? Na rubuta miki ki yi wa malamarki ƙarya? Cewa na yi da ni ce. Ke ba ni ba ce. Da ni ce, da na buɗe baki na roƙi matar kwali ɗaya da ba a taɓa ba, da ta ba ni, an wuce wurin. Ke bakinki ba ya buɗewa sai a takarda.

Kuma so kike in zauna a shagon waya, maza cike, in ce wa Goggo gidan Baffa ba sukarin shayi? Ta tambaya ko muna cikin rashi, na ce alhamdu lillahi, asirinmu a rufe yake. Ke kin zubar da naki mutuncin a Jidda, ki bar mana namu.

Ƙullin ya iso. Na tafasa na tace sau biyu, ƙyallen ya yi baƙi da ƙafafun kiyashi. Inna ta sha, ta ce rabonta da shayi irin wannan tun kafin yaƙi. Ta tambayi wa ya aiko, na ce daga gidan Goggo Latifatu, kuma ai daga can ya fito. Ta yi ta sa wa Goggo albarka. Labarin marin ban karanta mata ba, ga ta da hawan jini.

Goggo ta ce ta gaji, ba za ta iya haɗa ido da matan raudar ba in kina gidan. Tana son mai hankali, wadda za ta iya taya Lujain karatu. Mijinta ya fara nema mini biza. Ke kuma Baba Mahmudu zai taho da ke kafin azumi. Ki zo ki karɓi ɗaga uwarki, dama aikinki ne. Abayoyin da Goggo ta saya miki ki bar su a can, in sun yi mini gajarta na sa a ƙara musu baki.

Zakiya


Safa, Jidda
Sha'aban

Zuwa ga Yaya Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji daɗi da ta sha.

Goggo ta gaya mini tun kafin takardarki ta zo. Jirginmu ranar Talata ne. Na wanke abayoyin na ninke su a kabad ɗin ɗakin da ke bayan kicin, nan za ki riƙa kwana. Bargon ba shi da kauri, ki taho da zane.

An sake yin bikin. Na hango ta ƙofar waje da na kai Lujain. Da kofunan roba da auduga suka yi gidajen, mai sharar raudar ce ta taya su. Abla Maha ta fito karɓar yara, na gaishe ta, ta kama hannun Lujain ta shige. In kin kai Lujain ki bi ta bayan masallaci, ya fi kusa. Ni ta jikin makarantar 'yan matan nake bi, amma ke ba ki da abin yi a can.

Goggo ba ta son a taɓa wayarta, don haka ke ma takarda za ki riƙa ba Baba Mahmudu. Ki yi rubutun da girma, kin san karatuna. Ni zan riƙa karanta wa Baffa da Inna da matan tsakar gida. Zan karanta daga sama har ƙasa, ba zan tsallake komai ba.

Juwairiyya